Lamba Goma Sha Huɗu a Ƙofar Uwar Batul

Al-Ubayyid, 9 ga Rabi'ul Ahir, 1390

Da sunan Allah nake buɗewa, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga Faki Dafa'allah ɗan Hasabu, limamin masallacin unguwar matsar mai, zuwa ga ɗana Awadul-Karim, ɗan ɗan'uwana marigayi Alhaji Gasmallah, mazaunin Jidda. Aminci ya tabbata gare ka da iyalinka, da jaririyar da muka ji Allah Ya ba ku. Ni ina nan da sauƙi, in ban da gwiwar hagu da ke tilasta mini sallar nafila a zaune. Gwaggonka, uwar Batul, tana gaishe ka, haka ma Batul.

Bayan haka, wannan takarda ba ta gidan waya za ta bi ba, domin an ce ana buɗe su. Na ba wani mai tafiya umara.

Ka ji a rediyo cewa gwamnatin soja ta karɓe bankuna da kamfanoni. Ranar Talata abin ya iso mu. Mota biyu suka tsaya a ƙofar kamfanin mahaifinka, aka kashe injin matsar riɗi, aka karɓe mabuɗan sito har da na ɗakin ƙaro. Sannan wani ya ɗauki gwangwanin jan fenti yana bin gine-gine yana sa lamba. Ofis ɗaya, sito biyu, haka har ya zagaya baya, ya rubuta goma sha huɗu a ƙofar gidan Gwaggonka. Tana ciki tana yin kisira, wainar dawar nan tamu.

Dole in tuna maka asalin abin, don kana yaro aka yi shi. Da kakanka Rahama, wanda ni baffana ne, ya rasu ya bar 'ya'ya biyu, mahaifinka da ita. Ni na raba gadon. Sulusi ya faɗa mata, gidan nan yana cikin rabonta. Shekarar da aka yi wa kamfani rajista ina zaune a ofishin, akawu ya ɗaga alƙalami ya ce, "Sunan magajiyar?"

Mahaifinka ya dube shi ya ce, "Kai, sunan 'yar'uwata za ka sa a littafin da kowane ɗan dako zai buɗe? Rubuta Faki, ga shi nan."

Na ce, "Gasmallah, ni da ko jaki ban mallaka ba?"

Ya ce, "To yau ka yi raƙuma. Sa hannu, gahawa tana hucewa."

Muka yi dariya, na sa hannu. Gidan kuwa aka haɗa shi da filin kamfani a takarda guda. Haka kowa yake yi a garin nan. Ban taɓa cin ko kwabo daga ciki ba, rabonta kai tsaye yake zuwa mata. Amma ni da nake karantar da ayar da ta fi kowace tsawo, wadda ta umarce mu da rubuta abin da ke tsakaninmu bisa gaskiya, ni ne na sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, don kunya.

Yanzu kwamitin da aka naɗa ya kira ni. Sunana ne a kan sulusin hannun jari, za a kuma rantsar da ni. Ina tambayarka don Allah: shin mahaifinka ya bar maka wata takarda da ta ambaci haƙƙinta? Ka gaggauta amsa. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in rasa inda na tsaya a karatu.

Baffanka, Dafa'allah

*

Jidda, 25 ga Rabi'ul Ahir, 1390

Baffa Faki, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Takardarka ta iso, mun gode Allah da kuke lafiya. Muna nan ƙalau, jaririya tana ta girma. A gaida Gwaggo da Batul. Na aiko maka man shafawa na gwiwa.

Baffa, tun da na karanta ban sami natsuwa ba. A nan ma ba mu tsira ba. Fasfona zai ƙare bayan wata biyar, kuma a ofishin jakadancinmu ake sabuntawa. An ce akwai jerin sunayen 'ya'yan attajirai a aljihun tebur. Wani abokin aikina ya shiga sabunta nasa, aka riƙe, aka ce ya koma gida ya karɓa. Idan na rasa fasfo na rasa takardar zama, na rasa aiki, za a sa mu a jirgin ruwa da mace da goyo.

Don haka ina roƙonka kada ka ambaci sunana a gabansu. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ce hannun jarin naka ne, kamar yadda littafi ya nuna. Za su karɓe, su sallame ka. Gwaggo kuma ta koma ɗakin Batul kafin ƙura ta lafa. Gida ai bulo ne da katako.

Game da takarda, ban ga komai ba.

Abu ɗaya ya tsaya mini. Ka ce sunanka ne a kan sulusin, kuma ana raɗe-raɗin za a biya diyya nan gaba. Ban ce komai ba, Baffa, amma idan hakan ta faru, ka san marigayi ya bar magada, kuma shi ya raya kamfanin da guminsa.

Ɗanka, Awadul-Karim

*

Al-Ubayyid, 14 ga Jimada Ula, 1390

Ɗana Awadul-Karim, aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka. Man ya iso, Allah Ya saka. Damina ta sauka da ƙarfi, an ce ruwa ya cinye wani sashe na hanyar jirgin ƙasa, ban san yaushe wannan za ta same ka ba.

Layin ƙarshe na takardarka na karanta shi sau uku, sannan na ninke. Ba zan amsa shi ba. Shekarata saba'in da ɗaya, likkafanina yana cikin akwati tun hajjin da na yi.

Na je gaban kwamitin. Shugabansu hafsa ne, bai kai ka shekaru ba. Ya dubi rigata, ya dubi littafi, ya ce, "Baba Faki, barka da arziki. Sulusin kamfani, ga faci biyu a riga. Haka kuke ɓoyewa?"

Na ce, "Ɗana, facin gaskiya ne. Littafin ne ba gaskiya ba."

Ya daina murmushi. Ya ce in saurara da kyau, hanya biyu ce. Idan na rantse nawa ne, hukuma ta karɓe, in koma masallacina, gidan kuma na kamfani ne, a fita kafin watan Sha'aban ya kama. Idan na rantse na wata ne, to na amsa da bakina cewa na ari sunana aka ɓoye dukiya, kuma akwai kotun da aka kafa don irin wannan. Amma idan aka tabbatar gidan gadon mace ne da take zaune a ciki, ana iya cire shi daga lissafin.

Ya ce, "Wace ce ma matar? Kawo mini takarda ɗaya mai sunanta."

Awad, na koma gida na zazzage akwatuna. Babu. Ba a yi mata takardar haihuwa ba. Aurenta a ƙauye aka ɗaura da shaidu da Fatiha. Ba ta taɓa shiga asibiti ko makaranta ba. Shekara sittin da wani abu tana duniya, mun tsare sunanta har hukuma ba ta san an halicce ta ba.

Na gaya mata shawararka ta komawa wurin Batul. Tana soya gahawa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Faki, ni ban san kamfani ba. Na san na haifi shida a ɗakin can, huɗu a nan aka yi musu wanka aka fita da su. Uwata ta shuka lemon nan. Ka gaya wa mai fentin ya zo ya ɗauke ni da kansa, ina da nauyi."

Ba zan ɓoye maka ba, tsoro nake ji. Wani mai fataucin ƙaro da aka tafi da shi makonni uku da suka wuce, har yau iyalinsa ba su san inda yake ba. Jiya a sallar la'asar na yi raka'a biyar, mamu suka yi ta tasbihi ban ji ba. Na bincika littattafan malamai ko akwai sassauci ga wanda aka tilasta. Na samu akwai, idan kansa kaɗai zai kuɓutar. Ban samu inda aka halatta masa ya kuɓuta da rantsuwar da za ta fitar da gwauruwa daga gidanta ba.

Ranar Litinin, ashirin da uku ga wata, za a ɗora hannuna a kan Littafin Allah. Ba zan ambaci sunanka ba. Ka sa ni a addu'a idan ka shiga Harami.

Baffanka, Dafa'allah

*

Jidda, 15 ga Jimada Sani, 1390

Baffa Faki, gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya.

Kwana hamsin ke nan ban ga ko layi ɗaya daga gare ka ba. Kullum jirgin ruwa ya iso sai na je bakin tasha ina tambayar mutanen yankinmu na Kurdufan. Jiya na sami wani direban babbar mota, ya ce ya ji Faki ya rantse a kan sulusin, kuma tun ranar ba a ƙara ganinsa a masallaci ba, wai ya tafi Khartum.

Me ake zuwa yi Khartum bayan rantsuwa, in ba bin diyya ba? Ni na ce ka ce naka ne don ka tsira, ban ce ka mai da shi naka ba. Idan na yi kuskure ka gyara mini. Shirunka ne ya sa nake tunanin abin da bai kamata ɗa ya yi wa uba ba.

Awadul-Karim

*

Al-Ubayyid, 18 ga Jimada Sani, 1390

Awad, ni ce Batul. Inna ce ke magana ina rubutawa, ta ce kada in gyara ko kalma.

Awad ɗan wana, ina gaishe ka, ina gaida matarka da ban taɓa gani ba. Lafiyata lau, ina ci ina sha, kada wani ya ce maka na kwanta.

Baffanka yana hannunsu yau kwana ashirin da biyar. Ya ɗora hannu ya ce dukiyar tawa ce, gidan nawa ne, shi aron suna ya bayar. Daga nan ba su bar shi ya dawo ya ɗauki ko tasbaharsa ba. Yana nan garin, a bayan bariki. Batul tana kai abinci, wata rana a karɓa, wata rana a dawo da shi. Mai gadi ya ce mata tsohon ba ya iya miƙewa sai an kama shi.

Sun ce bakin mutum ɗaya da ake tuhuma ba hujja ba ne. Sun ce Sha'aban na kamawa za su zo da mota.

Yanzu ka buɗe kunnenka, kai da na goya har ka yi mini fitsari a mayafin biki. Ka ce wa Faki ba ka ga takarda ba. Ranar da ubanka ya kira ka ɗakinsa, saura kwana huɗu ya rasu, wa ke bayan labule da kwanon kunu? Na ji ya ce ka miƙo alƙalami. Na ji ya ce, "Wannan na Gwaggonka ne, ka adana." Ban iya karatu ba, amma ba kurma ba ce ni. Shekara shida ban tambaye ka ba, don ban zaci zan buƙaci takarda tsakanina da ɗan da na yaye ba.

Ban ce ka zo ba. Na san kana tsoro, mu ma muna yi. Ni dai idan ka ga dama ka bar tsohon nan ya mutu a can a kan gaskiyar da ke cikin akwatinka.

Ta ce iyakar maganarta ke nan. Ni Batul ina ƙarawa: tana faɗin tana ci, amma ba ta ci. Ta kwashe kwanonin Kaka ta ɗaure a zane, ta kwance, ta sake ɗaurewa.

*

Jidda, 3 ga Rajab, 1390

Gwaggo, na durƙusa ina gaishe ki. Batul, ki karanta mata duka, sannan idan akwai hanya ki kai wa Baffa.

Takardar Baffa ta watan Jimada Ula da taku rana ɗaya suka iso. Akwai wata da na aika masa kafin nan. Batul, don girman Allah kada ta kai hannunsa.

Takardar Baba tana wurina. Ƙarya na yi. Da farko tsoro ne, don sunana yana ƙasanta a matsayin shaida. Daga baya da na ji zancen diyya, sai wani abu ya shiga zuciyata wanda ba tsoro ba ne. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Ga ta nan a cikin wannan ambulan. Na san za su ce ta yiwu jiya aka rubuta, don haka yau da safe na tafi ofishin jakadanci na rubuta shaida cewa hannun mahaifina ne, a gabana ya rubuta, gidan kuma naki ne. Akawun ya ce sai na sa cikakken sunanki. Gwaggo, ki gafarce ni, na sa. Ban taɓa rubuta shi ba, sai da na tsaya na tuna yadda Kaka take kiranki.

Sun buga hatimi. Sun kuma karɓi fasfona, sun ce za su neme ni. Matata ta fara haɗa kaya ba tare da na ce mata komai ba.

Mai kawo wannan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya yi mini alkawarin hannu da hannu.

Ɗanki, Awad

*

Al-Ubayyid, 6 ga Sha'aban, 1390

Godiya ta tabbata ga Allah da ke fitar da bawa daga ƙunci ba don wayonsa ba.

Ɗana Awadul-Karim, aminci ya tabbata gare ka. Na fito bayan kwana sittin da biyu. Gwiwar dama ta bi ta hagu, yanzu har farilla a zaune nake yi, wani ke jan salla. Abin da na gani a can ba na takarda ba ne. Waccan wasiƙa taka Batul ta ɓoye ta a tukunyar gero, ni kuwa na same ta. Na karanta, na yafe, na sa a murhu. Kada ka ƙara tada zancen.

Ga yadda aka yi. An fito da ni aka kai ni gaban kwamitin, hafsan nan yana riƙe da takardar mahaifinka. Ya karanta a bayyane: "Gidan da ke bayan matsar mai na 'yar'uwata ne, gadonta ne daga ubanmu, haka ma sulusin da ke sunan Faki." Ya juya bayanta, ya sake juyowa. Ya ce, "Har a kan gadon mutuwa bai rubuta sunan ba? Ku wace irin mutane ce?"

Ya ɗauki taka shaidar, ya ce a nan akwai suna, amma dole mai sunan ta zo da kanta, maƙwabta biyu su shaida ita ce.

Aka kira mai shagon kusurwa da tela, waɗanda suka yi shekara arba'in suna gaishe ta ta bayan katanga. Aka tambaye su sunanta. Tela ya ce, "Uwar Batul." Aka ce sunan yanka. Ya dubi mai shago, mai shago ya dubi silin. Tela ya ce, "Ranka ya daɗe, ni da na ɗinka kayan auren 'yarta, ta ina zan san wannan? Ni ɗan iska ne?"

Ana cikin haka ta shigo, Batul tana riƙe da hannunta. Ba ta taɓa taka ofis ba. Hafsan ya ce, "Inna, sunanki?" Duk mazan da ke ɗakin muka sunkuyar da kai, har da mai gadi. Ta faɗa a hankali. Ya ce bai ji ba. Ta janye mayafi daga bakinta ta faɗa yadda har na waje suka ji, ta ƙara da sunan ubanta da na kakanta, sannan ta ce, "Ka rubuta da kyau, yaro, shekara sittin ana ajiye maka shi."

Ya rubuta. Ya dace da abin da ka sa.

Kada ka ɗauka an gama. Sulusin ya tafi tare da kamfani, ba na jin za a ƙara jin labarinsa. Gidan an ɗage fitar da ita har sai Khartum ta yanke, ba a ce wata nawa ba. Ni kuma kowace Alhamis sai na je na sa hannu, shari'ata tana nan a buɗe. Na ga takardarka a cikin fayil ɗin da za a aika, ban san abin da zai biyo baya gare ka ba. Idan aka sako ku a jirgi, Gwaggonka ta ce in gaya maka ɗakin gabas a share yake.

Shekaranjiya Batul ta kawo kananzir za ta goge jan lambar. Uwarta ta hana. Ta aika aka sayo ƙaramin gwangwanin fenti da buroshi, ta sa aka ɗauko ni a kujera aka ajiye a ƙofar gida da hantsi, mutane suna wucewa kasuwa.

Na ce, "'Yar baffana, a bakin titi? Me mutane za su ce?"

Ta ce, "Da suka yi shiru shekara arba'in me ya amfana mini? Kai ka ari sunanka, kai za ka mayar. Ka sa a saman lambar, ba a ƙasa ba."

Na yi shekara hamsin ina rubutu a allo, ranar na fara rubutu a ƙofar gida. Wata mota ta rage gudu a bayana, ban waiwaya ba, ban kuma san ko ta wane ne ba. Fentin ya ɗan zuba, harafin ƙarshe ya karkace, amma ana karantawa daga tsallaken titi: Gidan Sittana 'yar Rahama.

Ka yi mata addu'a da wannan sunan a gaban Ɗakin Allah, tun kana kusa. Kuma a amsarka ka rubuto mini sunan jaririyar. Wata huɗu muna ce mata jaririya.

Baffanka, Dafa'allah ɗan Hasabu